Ku Tambaya Mu Amsa: Kafar Labarai Mai Zaman Kanta, Daga Ina Take Ci?

Wasiƙun da suka shigo filin nan bayan Ranar 'Yancin 'Yan Jarida ta Duniya, wadda ake yi kowace 3 ga Mayu tun bayan taron 'yan jaridun Afirka a Windhoek ta Namibiya a 1991, kusan duk sun karkata ga abu biyu: kuɗi da doka. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Rediyo ba ta rabuwa da shagona. Kowace tasha cewa take yi ita mai zaman kanta ce, amma wata daga safe har dare yabon gwamna, wata kuma suka. Ta yaya zan gane mai 'yanci da gaske? Daga wani mai karatu a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Idan aka ce tasha mai zaman kanta ce, abin da ake nufi kawai shi ne ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Kafin 1992 babu mai wannan dama a Najeriya. Dokar soja mai lamba 38 ta wannan shekarar ce ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe ƙofa, Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio ta biyo baya a Kano a 2003. To amma mallaka daban, 'yanci daban. 'Yanci shi ne edita ya sa labarin da zai ɓata wa mai tasha rai, ko ya taɓa wanda ya fi kowa ba su talla, gobe ya zo ya tarar da kujerarsa tana nan.

Tasha tana cin kuɗi ko ta samu ko ba ta samu ba. Tiransimita tana son wuta daga asuba zuwa tsakar dare, in babu ta gwamnati sai janareto ya sha man dizal. Ga albashi, ga kuɗin lasisin da ake sabuntawa duk shekara 5, ga kason da NBC ke karɓa daga kuɗin shiga. A watan Agusta na 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kafin daga baya ta janye. Manyan tallace-tallacen kamfanoni kuwa a Legas ake rabonsu, abin da ke isowa Arewa kaɗan ne, kuma biyansa kan ɗauki watanni. Abin da ya rage wa tasha a Kano ko Gusau shi ne sanarwar aure da rasuwa da cigiya, masu maganin gargajiya, 'yan siyasa masu sayen fili, sai kuma gwamnatin jiha. Ranar da rabin kuɗin tasha ya koma fitowa daga gidan gwamnati, ba a buƙatar aiko ɗan sanda. A riƙe fayil ɗin biyansu wata uku ya wadatar. Baki in ya ci, ido kunya yake ji.

Haka abin yake ga wakili. Akwai gidajen da katin shaida kaɗai suke ba shi, su ce ya je ya nema. Wanda ya dogara da kuɗin motar da ake miƙawa a ambulan bayan taron manema labarai ba zai yi wa mai ambulan tambaya mai zafi ba.

Ga gwajin da za ka yi daga shagonka. Ka ajiye shirye-shiryen sojojin baka gefe, domin yawanci fili ne aka saya. Ka bi labaran rana na mako guda. Labari nawa ne ya fara da "gwamna ya ce" ko "kwamishina ya bayyana", nawa ne wakilin tashar ya je da ƙafarsa ya gano? In an zargi mutum, ana kiransa ya faɗi nasa? Ana faɗa a fili cewa wannan shiri wani ne ya ɗauki nauyinsa? Ka taɓa jin sun ce jiya mun yi kuskure, ga gyara? Tashar da ke sukar gwamna kullum saboda mai ita ɗan adawa ne ba ta fi mai yabon 'yanci ba, uban gida kawai ta sauya.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, albashina bai taka kara ya karya ba. Akwai wata jaridar intanet da ke bin diddigin aikin asibitoci da makarantu a jiharmu. Me irina za ta iya yi musu? Daga wata mai karatu a Azare.

Amsa: Malama, irinki ne ake nema. Mutum ɗaya da ke ba jarida naira miliyan 2 a wata zai iya rufe mata baki da kiran waya guda. Mutum 2,000 da ke ba da naira 1,000 kowanne, kuɗin ɗaya ne, amma in goma suka yi fushi suka janye, aiki bai tsaya ba. Saboda haka ƙaramin abu mai zuwa kowane wata ya fi babbar kyauta ta rana ɗaya, domin da abin da aka san zai shigo ake yanka albashi. Ki ba bankinki umarnin cire abin da za ki iya a ranar da albashi ke shiga, kada ki bar wa tunawa.

Kafin ki tura, ki duba abu uku. Asusun ya kasance da sunan kamfanin jaridar, ba sunan wani mutum ba. Ki nemi sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, binciken kyauta ne. Sannan ki ga ko sun rubuta sunan edita da adireshin ofis da masu ba su tallafi. Wanda ke neman a buɗe littafin gwamnati bai kamata ya rufe nasa ba.

An gwada wannan hanya a ƙasashe masu kama da tamu. Daily Maverick ta Afirka ta Kudu tana barin labaranta kyauta ga kowa, masu hali su zaɓi abin da za su riƙa bayarwa. A Maleshiya, a watan Fabrairu na 2021, kotu ta ci jaridar Malaysiakini tarar ringgit 500,000 saboda sharhin da wasu masu karatu suka rubuta a shafinta. Cikin 'yan sa'o'i masu karatun suka haɗa kuɗin. Hakan ta yiwu ne saboda jaridar ta shafe shekaru tana da rajistar masu biyanta, ta san su, sun san ta.

Inda abin ke lalacewa a wurinmu: a yi gangami ranar da aka kama ɗan jarida, a tara kuɗi, bayan mako biyu kowa ya watse. Wani kuma ya ba da gudummawa, gobe ya kira yana neman a cire labarin surukinsa. In kina tura labarinsu a WhatsApp, ki tura mahaɗin shafinsu, kada ki kwafe rubutun, domin da yawan masu shiga shafi suke samun talla. Kuma in ajinku na yoyo alhali an ce an gyara shi, hoto mai kwanan wata da sunan makaranta gudummawa ce da ta fi naira dubu.

Tambaya: Mu huɗu ne muka buɗe jaridar Hausa a intanet. Muna jin ana samun tallafi daga waje. Ta ina ake bi, kuma ba sayen mu za a yi ba? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, tallafin iri-iri ne, kuma an fi fara wa daga ƙarami. Cibiyoyi irin su ICIR da CJID a Abuja da Cibiyar Wole Soyinka a Legas sukan ba da horo da kuɗin gudanar da bincike ɗaya: mota, masauki, hoto. Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa irin wannan aiki a Najeriya shekaru da dama. Asusun MDIF mai zuba jari a kafafen labarai, wanda aka kafa a 1995, yawanci rance mai sauƙi yake bayarwa ko ya sayi hannun jari, don haka sai gidan da ya riga ya fara samun kuɗin shiga.

Abin da za a tambaye ku kusan iri ɗaya ne ko'ina: rajistar CAC, asusun banki na kamfani mai sa hannun mutum biyu, lambar haraji, lissafin shekara da akanta ya tantance, rubutacciyar ƙa'idar aikinku, da labarai biyar ko shida da kuka haƙo da kanku. Takardun neman da Turanci ake cikewa, wannan kuwa yana cutar jaridun Hausa ƙwarai. Ku fassara mafi ƙarfin labaranku, ku haɗa da abin da ya biyo bayansu, misali rijiyar burtsatsen da aka dawo aka gyara bayan kun buga.

Kurakuran da ke kashe sababbi sanannu ne. Ana ba da kuɗin aiki na wata 12, su ɗauki ma'aikata kamar kuɗin na har abada ne. Suna mantawa su sa haya da wuta da data da lauya a kasafi, sai su ciro daga kuɗin bincike, ranar lissafi rasit bai dace ba. Ana yin kasafi da dala, a kashe da naira, canji ya motsa, ba a rubuta farashin ranar da aka canza ba.

Batun saye kuwa, gaskiya ita ce masu tallafi na kirki ba sa karanta labari kafin a buga, kuma ku tabbata an rubuta haka a yarjejeniya. Amma suna zaɓen fannin da za su biya. In kuɗin bana na sauyin yanayi ne, sai ka ga kowa ya koma can, an bar kotun majistare da kasafin ƙaramar hukuma babu mai leƙawa. Wannan ma tasiri ne, kada ku yaudari kanku. Sannan kuɗin waje yana iya yankewa dare ɗaya. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, hukumarta ta taimakon ƙasashen waje, gidajen labarai da yawa a ƙasashe masu tasowa suka rage ma'aikata. A watan Maris aka tura ma'aikatan Muryar Amurka hutun dole, Sashen Hausa ya yi shiru, tashoshin da ke cike sa'o'insu da shirye-shiryensa suka rasa abin sawa. Shawararmu: kada wata majiyar kuɗi ɗaya, ko ta gida ko ta waje, ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kuke samu, kuma ku yi ta tari har ku ajiye albashin wata uku a gefe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tambaya: An ce akwai dokar da ta ba kowa damar neman takardun gwamnati. An ba da kwangilar asibitin garinmu shekara uku ke nan, ko bulo ba a aza ba. Yaya ake amfani da ita? Daga wani mai karatu a Jihar Kebbi.

Amsa: Malam, akwai ta, kuma ba ta 'yan jarida kaɗai ba ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ce, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya rubuta masa, in kuma da baki ya nema, jami'in ne zai rubuta ya ba shi kwafi. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta hau kansu ba, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma.

Ka fara gano wace hukuma ce ta ba da aikin. Allon da ake kafawa a bakin fili yakan nuna, in babu ka duba kasafin shekarar. Ka rubuta wa shugaban hukumar, ka ambaci dokar a kan takardar. Kada ka yi tambaya irin ta "me ya sa ba a yi aiki ba", domin doka takarda take tilasta a ba ka, ba hujja ba. Ka jera abin da kake so ɗaya bayan ɗaya: takardar ba da kwangila, sunan kamfani, jimillar kuɗi, jadawalin kayan aiki da farashinsu, abin da aka biya da ranakun biya, da takardar shaidar kammala aiki in an bayar. Ka yi kwafi biyu, ka kai da hannu, a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a naka. Wannan hatimin shi ne dukiyarka, in babu shi za a ce ba a ga wasiƙa ba.

Suna da kwana 7 su amsa. Za su iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai. In ba nasu ba ne, su miƙa wa hukumar da ta dace su gaya maka. Kuɗin kwafi kaɗai doka ta yarda a karɓa. In sun hana, dole su rubuta sashen da suka dogara da shi. Akwai abubuwan da aka keɓe, kamar tsaron ƙasa da binciken laifi da sirrin mutum, amma kwangilar asibiti ba ta cikinsu, kuma ko takarda na ɗauke da wani ɓangare na sirri, sai a rufe wurin a ba ka saura. Shiru bayan wa'adi, a doka, hani ne. Daga nan kana da kwana 30 ka je babbar kotu, kuma hukumar ce za ta kawo hujjar hanawa, ba kai ba. Tarar hani ba bisa ƙa'ida ba naira 500,000 ce, wanda ya lalata ko ya sauya takarda kuma ɗaurin aƙalla shekara ɗaya.

A nan yawancin mutane ke faɗuwa: su tsaya aika tunatarwa da jiran "ka dawo jibi" har kwana 30 su wuce. Ka lissafa ranakun tun daga hatimi. Ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda da SERAP sun saba da irin waɗannan ƙararraki, ka tuntuɓe su tun a mako na biyu.

Tambaya: Maigidana ɗan jarida ne. An kira shi a waya wai ya zo ofishin 'yan sanda kan wani labari. Hankalina ya tashi. Me ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu a Jihar Bauchi.

Amsa: Allah ya kwantar miki da hankali, Hajiya. Ya nemi a aiko gayyatar a rubuce, da sunan sashe da jami'in da ke kiransa. Ya sanar da editansa da shugaban ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ na jiha kafin ya taka ƙafa. Kada ya je shi kaɗai, kada ya je ba lauya, kuma ya je da safe a farkon mako. Wanda ya shiga da yammacin Juma'a yakan kwana har Litinin saboda kotu ba ta zama. Ya tanadi mai tsaya masa beli da katin shaida. Wayar aikinsa, mai lambobin majiyoyinsa, ta zauna wurin lauya. Kwafin hujjojin labarin kuma, sauti da takardu da saƙon da ya aika wa wanda ake zargi don jin nasa ɓangaren, a ajiye su wuri biyu a wajen gida.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya. Dole a gaya masa dalilin kamu a rubuce cikin sa'a 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Kada ya sa hannu a kan bayanin da bai karanta ba. Ke ma ki sani, doka ta hana a kama ki a madadinsa.

Tuhumar da aka fi yi a Arewa ita ce ɓata suna da ƙarya mai cutarwa, sassa na 391 zuwa 393 na tsohuwar dokar Penal Code, waɗanda jihohi da dama suka riƙe a sababbin dokokinsu, sai kuma sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Kotun ECOWAS ta ce wannan sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma a watan Fabrairu na 2024 aka gyara shi, aka cire kalmomi irin su ɓata rai da cin fuska. Cikin abin da ya rage akwai saƙon batsa, ko ƙaryar da aka yaɗa da sani don tada fitina ko barazana ga rai. Har yanzu akan rubuta tuhuma da tsohon lafazi, lauya ya duba wannan da kyau. Gana ta soke ɗauri kan ɓata suna tun 2001, kuma ra'ayinmu shi ne Najeriya ta makara. In kuɗin lauya ya gagara, Media Defence da ke Landan tana biyan kuɗin shari'ar 'yan jarida, ƙungiyoyin kare 'yan jarida irin su CPJ da ke New York da MFWA da ke Accra kuma suna ɗaga murya, abin da kan sa a yi hattara da wanda ke tsare.

Tambaya: A nan Nijar muna da rediyon karkara da yawa. Shin mun fi Najeriya 'yanci ke nan? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A rediyon al'umma kun riga mu nesa, Malam. Taku ta farko ta buɗe a Bankilare a 1999, Najeriya kuwa sai 2015 ta ba da lasisi 17 na farko, domin sashe na 39 na kundin tsarin mulkinmu ya ɗora amincewa da kowace tasha a hannun shugaban ƙasa. A doka ma kun taɓa yin gaba: an cire ɗauri daga laifukan jarida a 2010, aka cire shi daga ɓata suna ta intanet a 2022. Amma bayan juyin mulkin Yuli na 2023 an dakatar da RFI da France 24, a watan Yuni na 2024 aka dawo da ɗaurin shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ta intanet, da 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiya, a Disamba kuma aka dakatar da BBC na wata uku.

Abin da ya fi rufe rediyon karkara, duk da haka, ba doka ba ce, batir ne. Wata ƙungiya ta kawo sola da tiransimita ta tafi, bayan shekara uku ko huɗu batura su mutu, tsawa ta ƙona tiransimita saboda ba a binne wayar ƙasa da kyau ba, kuma babu ko dala a asusu. Sai mai neman kujera ya zo ya gyara, daga ranar tasha ta zama tasa. Kwamitin tashar ya ware wani kaso daga kowane kuɗin gaisuwa da sanarwa, a zuba a asusun gyara da ba a taɓawa sai da sa hannun mutum uku. A sa wa eriya makarin tsawa kafin damina, a riƙa goge ƙurar faifan sola duk mako a lokacin hunturu, ɗakin tiransimita ya samu iska. A horar da mutum biyu 'yan garin kan ƙananan gyare-gyare, ɗaya daga ciki ya zama wanda ba ya tafiya cirani. Kowane wata uku ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kan iska, da Hausa, a ranar kasuwa.